Abin da Abba Ya Ce

Shekarata ta farko a Khulna na yi kuka sau uku:
ran da lissafin gudun ruwa ya kayar da ni,
ran da aka ɗauke min laima a ƙofar ɗakin karatu,
da ran da Malama Dilruba ta miƙo min takardata,
jan biro ya fi baƙi yawa.
Ta ce, "Moyna, kogi ba ya duba hawaye,
ni ma ba zan duba ba."

Mu arba'in da bakwai ne a ajin injiniyan ruwa,
mata shida.
Protik ya ƙulla kayansa a zuci, sai Kanada.
Jhuma gada take so, doguwa, a rubuta sunanta a gindi.
Ni kunya ta hana ni faɗin nawa:
gonar Abba nake so ta daina yin fari
kamar an barbaɗa mata gari da dare.

Na koyi cewa ruwa yana da nauyi,
yana da fushi, kuma ana iya auna fushin.
In an ɗauke wuta mu haska waya a kan littafi,
sauro na nasa karatun a ƙafafunmu.
Shayin taka biyar, kofi ɗaya mu biyu,
har ladan ya kira asuba
ban gama shafi na tara ba.

A shekara ta uku aka damƙa min na'urar auna gishiri,
ba ta fi cokali tsawo ba, da igiya a wutsiya,
da kwalabe goma sha biyu,
da gargaɗi: in ta faɗa ruwa, kuɗinta ya fi saniya.
Na rungume ta a jirgin ruwa har Koyra
kamar jaririyar wani.

Abba na kan ganuwar laka, ya naɗe zane zuwa gwiwa.
Bai tambaye ni jarrabawa ba.
Ya bi ni kududdufi na farko,
ya tsoma yatsa, ya kai baki, ya tofar.
"Wannan ya kashe shinkafa. Jatan lande ne kawai zai zauna."
Na'ura ta yi ƙyafta, ta ce tara da ɗigo huɗu.
Na biyu: "Akuya za ta sha, mutum zai yi ƙorafi."
Biyu da ɗigo ɗaya.
Na uku bai ce komai ba,
nan ne Amma take ɗebo mana ruwan sha.

A na bakwai batir ya mutu.
Na girgiza ta, na hura mata iska, na roƙe ta.
Abba ya ci gaba da tafiya, yana tsomawa, yana tofarwa,
ni ina binsa da fensir,
ina rubutawa a gefen takarda, ƙanana, don kar a gani:
Abba ya ce. Abba ya ce.

An gani.
Malama Dilruba ta zagaye su da ja, duka shida.
"Wace na'ura ce Abba? Yaushe aka daidaita ta?"
Na ce, "Shekara hamsin da takwas ke nan ana daidaita ta,
tun kafin teku ya fara hawo mana Shibsa."
Ba ta yi dariya ba.
Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.
"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta, "gishiri ma haka.
Koma. Sabon batir, layi biyu:
ɗaya na lamba, ɗaya na bakinsa.
Inda suka saɓa, nan aikinki yake."

Sun saɓa a wuri uku.
Har yau ban san wanda ya yi gaskiya ba.
Gobe zan buga wa Abba in tambaye shi kududdufi na uku,
in ya yarda ya faɗa.